Kyanwa Mai Gajerun Ƙafafu da Nauyin da Ke Kan Mai Ita

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Katsina a lokacin kaka, ya ratsa Kankiya, ko kuwa ya karkata ya shiga ƙauyukan ƙasar Kusada, sa'ad da aka gama girbin gero aka soma yankan dawa, aka jibge dammuna a bakin rumbuna, ga buhunan wake da na gyaɗa an jera a ɗakunan ajiya, to, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane dalilin da ya sa kakanninmu suka bar kyanwa ta zauna tare da su a cikin gida, alhali kuwa ba a cin namanta, ba a tatsar nononta, ba a kuma aza mata kaya. Aikinta ɗaya ne, watau tsaron abin da aka sha wahalar damina aka tara, kuma da ƙafafunta take yin sa: da su take hawa katanga, da su take dira daga kan rumbu, da su take cim ma ɓera kafin ya kai bakin raminsa, da su kuma take tsira in kare ya biyo ta.

Na kawo wannan magana ne saboda wata irin kyanwa da hotunanta suka cika wayoyin samarinmu da 'yan matanmu a 'yan shekarun nan, a TikTok da Instagram da Facebook, mai jiki irin na sauran kyanwoyi amma ƙafafunta gajeru ƙwarai, har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, wadda in ta miƙe a kan ƙafafun baya tana leƙe, sai tausayinta da sha'awarta su kama mai kallo gaba ɗaya. Turawa suna kiranta Munchkin. Da yake abin da ido ya yawaita gani zuciya takan ƙwallafa a kansa, kuma kiwon kyanwar Farisa mai dogon gashi ya riga ya shiga gidajen masu hali a manyan biranenmu, ba zai zama abin mamaki ba gobe a ji wani ɗan Kankiya mazaunin Abuja ya zo wa ƙanwarsa da irin wannan tsaraba. Ra'ayina shi ne kada a saye ta, kada kuma a hayayyafa ta. Amma idan har ta riga ta shigo hannun mutum, to, nauyinta ya hau kansa ta fuskar shari'a fiye da yadda mutane da yawa suke tsammani.

Asalin al'amarin ba ƙirƙirar ɗan Adam ba ne, adalci kuwa ya wajabta a faɗi haka tun da fari. Jefi-jefi Allah yakan ƙaddara a haifi dabba da wani canji a ƙwayar gadonta, ƙasusuwan ƙafafunta su ƙi yin tsawon da aka saba gani. A 1944 wani likitan dabbobi a Ingila ya rubuta labarin zuriya huɗu ta irin waɗannan kyanwoyi, daga baya aka daina jin ɗuriyarsu. Sai a 1983, a wani ƙaramin gari da ake kira Rayville a jihar Luwiziyana ta Amurka, wata malama mai koyar da kiɗa ta tarar da kyanwoyi biyu masu ciki sun fake a ƙarƙashin mota saboda kare ya koro su, ta ɗauki ɗaya ta riƙe, da ta haihu kuwa sai aka ga rabin 'ya'yan sun gado gajerun ƙafafun uwarsu. Daga wannan uwa da wani ɗanta namiji ne irin da ake tallarsa a yau ya samo tushe. A 1991 aka nuna su a wani baje kolin kyanwoyi a birnin New York wanda aka watsa ta talabijin. A 1994 ƙungiyar masu kiwon kyanwa da ake kira TICA ta karɓe su a matsayin sabon irin da ake gwadawa, abin da ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin alƙalanta ta ajiye muƙaminta don ƙin amincewa. A 2003 aka ba su cikakken izinin shiga gasa. Amma manyan ƙungiyoyi uku da suka girme ta, CFA ta Amurka da GCCF ta Ingila da FIFe ta Turai, sun ƙi saka wannan iri a littattafansu, kuma tun 2014 dokar ƙasar Holan ta hana hayayyafa dabbobin gida masu siffar da ke cutar da lafiyarsu, kyanwar nan tana cikin waɗanda dokar ta shafa. Abin lura ne a ce mutanen da suka fi kowa shagala da ƙawata dabbobi su ne suka fara ja da baya.

Dalilin ja da bayan yana cikin yadda ake gadon abin. Kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma wannan ƙwaya, wadda masana a Jamus da Amurka suka gano mazauninta a 2020, mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa ta gajarta ƙafa. Amma ɗan da ya gaji biyu, daga uwa da uba duka, ba ya zuwa duniya, tun yana ciki yake lalacewa. Saboda haka idan aka haɗa gajeren muzuru da gajerar kyanwa, bisa ƙiyasi, daga kowane huɗu ɗaya zai mutu a ciki, biyu su fito gajeru, ɗaya ya fito da dogayen ƙafafu. Idan kuwa aka haɗa gajere da doguwa, rabi ne za su fito yadda mai saye yake so, sauran rabin kuwa, waɗanda su ne lafiyayyu cikakkun halitta, su ne kuɗinsu ke faɗuwa a kasuwa. Wannan juyewar ma'auni, inda mai aibi ya fi daraja don aibinsa, mai lafiya kuma ya yi kwantai don lafiyarsa, ita ce ta fi tsaya mini a rai a cikin wannan mas'ala baki ɗaya.

Masu kiwo ba su tsaya nan ba, sai suka shiga haɗa ta da wasu irin don a sami sabon abin talla. A 1996 wani Ba'amurke ya haɗa ta da kyanwar Farisa, aka sami wadda aka fara kira Napoleon, daga baya aka sauya mata suna zuwa Minuet. Wasu suka haɗa ta da Sphynx, kyanwar da ba ta da gashi, aka sami Bambino. Wasu kuma suka haɗa ta da kyanwar Sukotlan mai lanƙwasassun kunnuwa. Kowace daga cikin iyayen nan tana tafe da tata larurar. Bafarisa mai shafaffiyar fuska tana fama da ƙuncin numfashi da zubar hawaye, kuma an san zuriyarta da wani ciwon ƙoda na gado. Mai lanƙwasassun kunnuwa kuwa, abin da ya lanƙwasa kunnen cuta ce ta guringuntsi wadda ba ta tsaya a kunne ba, tana bin gaɓɓai da wutsiya, shi ya sa ƙungiyar Ingila ta daina yi mata rajista tun farkon shekarun 1970. Mai karatu ya ɗauki irin wannan halitta a zuciyarsa ya ajiye ta a Kusada cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura ma'auni 40, ga gashi jibge a jikinta, ga hanci a toshe, ga wutar lantarki ba tabbas. Ko ya ɗauki marar gashin ya ajiye ta cikin sanyin hunturu na Janairu, ko a ƙarƙashin ranar bazara mai ƙona fata. Ba sai an kira likita ba kafin a san yadda za ta kwana.

Masu kare wannan iri suna da abin faɗi, ban kuma ga dalilin ɓoye shi ba. Suna cewa kyanwar tana gudu, tana wasa, tana da fara'a da son mutane, tana kuma kai shekaru goma sha biyu zuwa sha biyar kamar sauran 'yan uwanta, kuma ƙashin bayanta bai cika samun matsalar da karnuka masu gajerun ƙafafu ke samu ba. Akwai gaskiya a ciki, da yawa daga cikinsu suna rayuwa ba tare da wani ciwo bayyananne ba. Sai dai likitocin dabbobi sun ba da labarin lotsawar ƙashin baya da ta ƙirji a wasu daga cikinsu, suna kuma tsoron ciwon gaɓɓai saboda karkacewar ƙasusuwan ƙafa, kyanwa kuwa dabba ce mai ɓoye ciwonta, tana iya shekara tana jin zafi mai ita bai sani ba, illa dai ya ga ta rage hawa da sauka. Ko da ma an ɗauke maganar ciwo gaba ɗaya, abu guda ba ya ɗaukuwa: kyanwar gida takan yi tsallen da ya ninka tsayinta kamar sau biyar, wannan kuwa ba ta iyawa, katangar da 'yar uwarta za ta haye cikin ƙiftawar ido ita sai dai ta tsaya a gindinta.

Wani zai ce, to, ai haɗa irin dabbobi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka ne. Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya, Alƙur'ani mai girma kuma ya ambace shi a cikin Suratun Nahli tare da dawaki da jakuna a jerin ni'imomi; kajin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar, sakamakon zaɓen iri ne na shekaru masu yawa, manoma kuma suna cin moriyar ƙwansu; gajerun awakin kudu ma, da wasunmu ke rainawa in sun gwada su da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, suna jure cutar sammore a dazuzzukan da tamu ba za ta daɗe ba. Kai, har tumaki masu gajerun ƙafafu an taɓa hayayyafawa a Amurka tun daga 1791, don kada su tsallake shinge, da bukatar ta kau kuwa sai irin ya ƙare. A duk waɗannan akwai wata maslaha da ake iya nunawa da yatsa, ko ta mutum ko ta dabbar kanta. A nan kuwa, in aka tambayi maslahar, ba a samun amsa sai daɗin kallo, mafsadar kuma tana kan wadda ba ta da bakin kai ƙara. Ƙa'idar da malamanmu suka karantar da mu a zaure ita ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, balle amfanin da bai wuce sha'awar ido ba.

Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin ma'abotansa ne, amma akwai abubuwan da kowane ɗalibi ya sani. Musulunci ya girmama wannan dabba: babban sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da ita aka yi masa alkunya, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninmu, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Game da cinikinta, akwai hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗinta, wasu malamai irin su Ibnu Hazmi suka ɗauke shi a kan haramci, jamhuru kuwa, har da Malikawa, suka halatta cinikin. To, ko a wurin waɗanda suka halatta, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ɓoye shi algus ne; sai mai saye ya tambayi kansa, wanda ya turo masa hoto ta waya ya kuma turo lambar asusu, shin ya gaya masa labarin ƙashin baya da ƙoda da numfashi?

Amma mas'alar da ta fi dacewa da maganarmu tana cikin babin ciyarwa. Muhtasar na Shehu Halilu ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyayar da za ta ci, masu sharhinsa kuma suka shigar da kyanwar da ta makance a cikin wannan hukunci, suka ce ciyar da ita ya wajaba a kan wanda ta maƙale a gidansa matuƙar ba ta iya fita ta nemi na kanta, idan kuwa tana iyawa, to, bai wajaba ba. Dubi zurfin wannan fahimta. Sun rataya wajibcin a kan gazawar dabbar, gwargwadon yadda ta kasa, gwargwadon yadda nauyi ke ƙaruwa a kan mai ita. Kyanwarmu ta gida, mai dogayen ƙafafu irin na kakarta kyanwar dajin Afirka, wadda daga gare ta ne duk kyanwoyin gida na duniya suka fito, tana iya fita ta yi farauta ta dawo, abin da aka ba ta ihsani ne. Mai gajerun ƙafafu kuwa da gangan aka zaɓe ta don gazawarta, wanda ya kai kuɗinsa ya ɗauko ta ya ɗauko wajibi ne da hannunsa, wajibin da zai bi shi shekara goma sha wani abu, ko sha'awar ta gushe ko ba ta gushe ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saboda haka, wanda ta riga ta zo hannunsa, ko ta kyauta ko ta rashin sani, kada ya yar da ita, kada kuma ya sake ta a unguwa da sunan ya 'yanta ta, domin karnuka za su gama da ita. Ya tsare ta a cikin gida, a ɗaki mai iska da inuwa, ya ajiye mata ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa, da kaskon yashi mai gajeren baki wanda za ta shiga ba da wahala ba, ya kuma sa mata 'yar matakala a inda take son hawa don kada dira ta riƙa bugun gaɓɓanta. Babban abin tsoro a gare ta ƙiba ce, gama kowane ɗan nauyi da ya ƙaru a kan karkatattun ƙafafun nan yake sauka, don haka a auna mata abinci, kada a bar shi a gabanta yini guda. Abincin kuwa nama ne da kifi da dafaffen ƙwai, ko abincin kyanwa na kanti. Tuwo da miya ba sa riƙe ta, domin akwai sinadarin da jikinta ke bukata wanda sai a nama take samunsa, rashinsa kuma yana taɓa ido da zuciya. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, albasa da tafarnuwa suna ɓata musu jini. Abin da nake roƙon kowace uwar gida ta riƙe da kyau shi ne, farasitamol da muke ba yaranmu guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki, haka shinkafar ɓera, wadda ko ɓeran da ya ci ta kyanwa ta cinye yana iya halaka ta. Mai dogon gashi tana bukatar taza kullum, marar gashi tana bukatar wanka da kariya daga rana. A yi mata allurar rigakafi tun tana da mako takwas ko tara, a maimaita bayan mako uku ko huɗu, a yi mata ta cutar haukan kare in ta kai wata uku, a riƙa ba ta maganin tsutsar ciki. Idan aka ga ta daina hawa inda ta saba, ko tana ɗingishi, ko numfashinta ya yi nauyi, to, lokacin ganin likita ya yi. Ma'aikatan dabbobi na karkara kuwa aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da awaki da kaji, don haka hoton ƙashi ko tiyata yana iya kai mutum har asibitin koyarwa na likitocin dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sa'an nan, komai kuɗin da aka yi masa tayi, kada ya bari a yi mata barbara don sayar da 'ya'yan.

Akwai kuma wani abu da ba zan iya tsallakewa ba, ko da zai yi wa wasunmu ɗaci. Muna sha'awar kyanwar da ke cikin waya, alhali ta tsakar gidanmu tana shan jifa. Har yanzu akwai gidajen da in kyanwa ta haihu sai a zuba 'ya'yan a buhu a ba yaro ya kai su bayan gari ko bakin kasuwa, tun idanunsu ba su gama buɗewa ba. Akwai masu ganin baƙar kyanwa da dare su ce mayya ce ko aljana, su bi ta da sanda, camfin da ba shi da madogara a littafi ko sunna. Akwai yaran da ke ɗaure mata igiya a wuya suna ja, manya na zaune ba mai tsawatarwa. Tarihin Musulmi kuwa ya san sarkin Masar Azzahiru Baibars, wanda a ƙarni na 13 ya yi waƙafin lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Ita wannan da muke wulaƙantawa ita ce mai yi mana hidima, kuma hidimar ta wuce tsaron hatsi, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, yana kuma tsananta da rani, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ajiye kyanwa a gida cikin matakan kariya, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida.

Kuɗin da za a kashe wajen sayen gajerar kyanwa guda da ɗawainiyarta ya isa a yi wa kyanwoyin unguwa da dama rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a jihar Filato, tana yin allurar cutar haukan kare, duniya kuma ta keɓe ranar 28 ga Satumba kowace shekara don yaƙi da wannan cuta, wadda kyanwa ma tana ɗauka tana kuma iya sa wa mutum, in alamunta suka bayyana kuwa da wuya a tashi. Ina roƙon sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, duk lokacin da za a fita yi wa karnuka allura, a yi shela a ce a kawo kyanwoyi su ma. Ina roƙon limamanmu su keɓe huɗuba guda a kan 'ya'yan da ake zubawa a buhu, su gaya wa jama'a a bar su da uwarsu har su kai mako takwas, sa'an nan a nemi maƙwabcin da ke so a ba shi. Iyaye kuma su sani, yaron da kyanwa ko kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira sai wurin ya kumbura.